Kasuwar da Hanci Ke Kai Mutum

Baƙon da ya sauka a Kafin Dafga da yunwa, ya tsayar da yaro ya ce a nuna masa gidan abinci, tambaya zai sha kafin ya samu amsa. "Malam, me za ka ci?" In ya ce waina, yaron zai ɗaga kai ya dubi rana, ya ce ai an makara, tanda ta huce tun hantsi, sai dai ɗan wake. In ya yarda, za a ja shi ta wani lungu, a wuce turken awaki da rumbu, a tsaya a ƙofar wani zaure da bai bambanta da na maƙwabta da komai ba. Babu allo, babu fenti, babu ko benci. Yaron ne zai karɓi kuɗin ya shige, baƙon ya tsaya daga waje, domin gidan matan aure ne. Jim kaɗan sai ga kwano rufe da faifai, ɗan wake yana tururi, an kwarara masa man gyaɗa, an barbaɗa yaji. Zai ci ya ƙoshi, ya sha ruwan randa, ya kama hanya, bai ga fuskar wadda ta dafa ba, ita ma ba ta ga tasa ba.

Kafin Dafga ɗaya ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Ƙaraye, a yammacin jihar Kano. Sunan garin kansa tarihi ne, domin kafi shi ne shingen itatuwa da mutanen dā kan kewaye ƙauye da shi saboda mahara. Ƙaraye da maƙwabciyarta Rogo ɗan majalisar wakilai ɗaya suke turawa Abuja, kuma su biyun ne ƙasar masarautar Ƙaraye yadda aka sake tsara ta a 2024. Ƙasar noma ce ta masara da dawa da waken suya da rake, ga madatsar ruwan Challawa da aka kammala a 1992, wadda ta kawo kifi da noman rani. Inda amfanin gona ya wadata haka, cinikin dafaffen abinci ba ya kwanciya. Sai dai kasuwarsa ba ta da mazauni ɗaya. Tana bin rana ne yadda inuwa ke bin ta: da asuba tana cikin gidaje, ran kasuwa tana rumfuna, da magariba tana bakin tukuba, da dare tana kan teburin mai shayi. Wanda bai san lokacinta ba zai rantse babu ita.

Kasuwar cikin gida

Tun kafin ladan ya kira assalatu, wuta ta kama a gidajen sana'a. Aikin ma tun jiya aka fara shi. Mai waina ta jiƙa shinkafar tuwo, ta aika an markaɗo, ta haɗa da 'yar dafaffiyar shinkafa da yis, ta rufe ƙullun ya kwana ya tashi. Da asuba sai ta ɗanɗana, in ya yi tsami ta kashe shi da ruwan kanwa, ta ɗora tanda. Mai ƙosai ta surfa wake ta wanke, yanzu bugu take yi, domin ƙullun da bai bugu ba ƙosansa dutse ne. Mai koko ta tace gasara, tana jiran ruwa ya tafasa. Kowace da abin da aka san ta da shi, har sana'ar takan cinye sunan gidan. Ba a cewa gidan wane, sai gidan mai koko, gidan mai awara, gidan 'yan ƙuli.

Yara su ne hanyoyin wannan kasuwa. Wasu ana aiko su da kwano da kuɗi a ƙulle a bakin zane, wasu kuma suna fita da faranti a ka suna kiran abin da suka ɗauko. Matar aure tana tsakar gidanta, amma ta san farashin wake a kasuwar da ta ci jiya, ta san gidan da aka yi baƙi, ta san wadda ta rage girman ƙosanta a unguwar gaba. Duk a bakin yara take ji.

Wata Baturiya mai nazarin tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta lura cewa yawancin cinikin garin ba a fili ake yin sa ba. A 1969 ta wallafa abin da ta gano, ta kira shi ɓoyayyen ciniki, ta kuma kwatanta gidajen da saƙar zuma: kowane ɗaki a rufe, amma duka a haɗe, ana ta aiki. Mutanen wannan yanki kuwa suna da shaidarsu ta kusa. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 a wani ƙauye kusa da Zarewa, garin da yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Rogo, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Wanda ya karanta zai tarar da matan da ke kaɗi da sana'ar hannu a ɗakunansu, da 'yan matan da ke ɗokin ran kasuwa. Kaɗin auduga ya ja baya, tukunyar sayarwa kuwa tana nan kan murhu.

Abin da ya sauya shi ne abin da ke cikin tukunyar. Kakannin yau ba su tashi da awara ba. Yaɗuwar noman waken suya ce ta kawo ta, yanzu kuwa da wuya a ratsa unguwa da la'asar ba a ji ƙamshin suyarta ba. A jiƙa wake, a markaɗa, a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a ɗaure a ƙyalle a danne da dutse ruwan ya tsiyaye, a yanka a soya. Dusar da ta rage ta tumaki ce, don haka mai awara sau da yawa mai kiwo ce. Haka mai ƙuli: ta matse mai ta sayar wa mai ƙosai, ƙulin kuma mahauci ya saya ya daka ya yi garin tsire. Kasuwar da ke ɓoye ita ke ciyar da wadda ke fili.

Ran kasuwa

Kasuwannin ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, kamar na sauran karkarar Kano, na mako-mako ne. Kwana shida rumfunan suna tsaye ba kowa, awaki na kwana a ciki, iska na wasa da tsofaffin ledoji. Ran da kasuwa ke ci kuwa, tun da sassafe za ka hangi hayaƙi a layin 'yan abinci kafin motocin hatsi su iso. An sauke tukwane daga amalanke, an gyara duwatsun murhu, an shimfiɗa tabarma, an jera benci biyu. Cikin sa'a guda gidan abinci ya tsaya da ƙafarsa.

Masu wannan layi galibi dattijai mata ne da zawarawa, da 'yan matan da ke taya su wanke-wanke. Tuwon masara da na dawa ana kwashewa da mara, malmala-malmala, a jera a cikin kwando a rufe. Miyar kuka tana gefe, ga ta kuɓewa, ga tukunyar wake da shinkafa da ake ci da mai da yaji, wadda samari ke kira garau-garau. Can gaba mai dambu ce da zogale, sai mai taliyar murji, sai mai soyayyen kifi, karfasa da tarwaɗa, da yajinta a kwalba. A ƙarƙashin inuwar da ta fi kowace sanyi matan Fulani sun jera ƙore, fura a gefe, nono da kindirmo a gefe, ludayi a kife a kan faifai.

Cinikin yana da nasa ladabi. "Inna, a zuba mini na ɗari biyar, a sa nama biyu." "To, ɗan nan, zauna daga ciki, rana." In ya kusa cinyewa ya miƙa kwano a ƙara miya, ba a ƙirga wannan a kuɗi. Mai ƙosai kan jefa ɗaya ko biyu a kai, gyara ke nan, kuma wadda ba ta gyara ba ta daɗewa a layi. Ba a yin tayi a kan tuwo yadda ake yi a kan akuya, ba ka jin "albarka" a nan. Kuɗin a tsaye yake, malmalar ce ke girma ko ta ƙanƙance gwargwadon yadda masara ta kwana.

Mai tuwo ta san masu cin tuwonta da lokacinsu. 'Yan dako da masu tura kura su ne na farko, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomin da ya kawo buhu ba ya zama sai ya sayar, saboda haka azahar ce tasa. Dillalai da 'yan awo sai ciniki ya lafa, su ne kuma masu neman tsoka mai kyau. Direbobi da yaran mota a tsaye suke ci, ido na kan lodi. Akwai kuma almajirai da ke jiran ƙanzo da ragowar kwano, kuma duk mai tukunyar kirki ta san da rabonsu tun tana tuƙi.

Babban abin tsoronta kwantai. Mai atamfa in bai sayar ba ya naɗe ya kai wata kasuwa, tuwo kuwa ba ya jiran mako. Don haka lissafinta na malamin taurari ne: da kaka, lokacin da aljihun manomi ke da nauyi, ta ƙara kwano biyu ko uku a kan abin da ta saba tuƙawa, da bazara, in rumbu ya yi ƙasa, ta rage, in hadari ya haɗu da hantsi ta san rabin kasuwa ba za ta zo ba. Ba ta rubuta komai, amma da wuya ta yi kuskuren da ya wuce malmala goma.

Daga tukuba zuwa tebur

In rana ta yi sanyi, mata suka fara kife tukwane, sai kasuwar ta koma hannun maza. Mahauci ya riga ya yanka da safe ƙarƙashin idon Sarkin Fawa, ya sayar da ɗanye, abin da ya ware kuma ya feɗe shi fale-fale, ya tsira a tsinke, ya turmusa a garin ƙuli, ya yayyafa mai. Tukuba tudun toka ce da wuta a tsakiya, ana kafa tsinkayen a kewaye su gasu da zafin wutar ba tare da harshenta ya lashe su ba. Kusa da shi mai balangu yana juya nasa a kan waya, wuƙa na ƙara a kan katako. Nan ma da ƙa'ida: kafin ka ce na nawa, an yanko ɗan ɗanɗano an miƙo maka a bakin wuƙa. Magidanci yakan sa a ƙunshe masa a takarda da albasa, ya soke a aljihu, tsarabar mai ɗaki.

Bayan isha'i kuma sai mai shayi. Da rana teburinsa katako ne kawai a jingine da bango. Da dare ya zama gari guda: gwangwanayen madara da Bournvita da Milo an gina su kamar ganuwa, burodi a jere, kiret ɗin ƙwai, katon ɗin Indomie, tukunyar ruwan zafi da ta sha citta da kanumfari. A dā aci-bal-bal ke haska shi, yau fitilar sola ce. Mai hali ya ce a haɗa masa kakkaura, marar hali ya ce ruwan bunu, kuma benci ɗaya suke zaune. Mai shayi ya ɗaga kofi sama ya tsiyayo a wani, ya mayar, har kumfa ta taso, ɗigo bai zuba ba. A nan ake jin farashin taki, da wanda zai tsaya takarar kansila, da yadda wasan ƙwallon jiya ya ƙare. Kowane tebur da jama'arsa. Akwai na dattawa inda rediyo ke magana, akwai na samari inda waya ke magana, kuma ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma mai karya ta.

Tsohuwar ciyayya ma ba ta mutu ba a ƙauyuka. Magidantan unguwa su shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan babbansu bayan magariba, kowa a fito masa da kwano daga gidansa, a haɗa a ci tare. Ba a biyan ko kwabo, ba a kuma gayyatar kowa da baki; zama a unguwar da zaman lafiya da mutane shi ne katin shiga. Baƙon da dare ya yi masa a garin a nan yake cin tuwo. Ta nan ne kuma sunan mai iya miya ke fita, har wata rana a ce mata, "Ke kuwa me zai hana ki riƙa yin na sayarwa?"

Watan azumi yakan kifar da jadawalin gaba ɗaya. Masu koko da ƙosan safe su koma la'asar. Mutanen da ba a taɓa sani da sana'ar abinci ba su fito da tebur: wannan kunun tsamiya, wancan kankana yanka-yanka, wani kuma ƙanƙarar da ya ɗauko a babur cikin buhu da dusar katako. Kwana ashirin da tara ko talatin ana ciniki kamar ba gobe, ganin watan Sallah kuma teburan su ɓace kamar an share.

Abin da birni ke saye da tsada

A manyan biranen duniya irin wannan ciniki ya zama abin yayi. A Kuba, cikin matsin shekarun 1990, gwamnati ta yarda mutane su riƙa sayar da abinci a falon gidajensu, da sharaɗin kada kujeru su wuce 12. A Landan da New York akwai masu dafa abinci a gida su sayar wa baƙin da ba a faɗa musu adireshi sai ranar ta zo, akwai kuma gidajen abincin da ake buɗewa na mako ɗaya a tsohon sito a rufe. Wasu sukan ƙara da abin ban mamaki. A Faris tun 1988 ake wata liyafa da kowa ke zuwa cikin fararen kaya, ɗauke da teburinsa da abincinsa, ba ya sanin wurin sai dab da lokaci. A Zurich ta ƙasar Suwizalan an buɗe wani gidan abinci a 1999 inda ake ci cikin duhu ƙirin, makafi ne ke hidima. Mutumin Kafin Dafga da aka ba wannan labari zai yi murmushi, domin ya sha cin tuwo a duhu ba tare da ya biya kuɗin duhun ba.

Ba sai an je Turai ba ma. A birnin Kano 'yan mata sun ƙirƙiro ranar ƙauyawa a cikin shagulgulan biki: a ɗaura zane irin na karkara, a yi kwalliyar ɗige-ɗige, a jera ƙore da akusa, a ci ɗan wake da gurasa da kwaɗon zogale, a ɗauki hoto. Abin ya yi ƙamari har Hukumar Tace Fina-finai ta jihar ta hana shi a 2025. Abin lura a nan shi ne, abincin da 'yar birni ke sa kayan wasa ta ci sau ɗaya a biki, shi ne wanda 'yar ƙauye ke tashi da asuba ta dafa kullum don ta sayi sabulu.

Jari da wahalarsa

Jarin wannan kasuwa ƙarami ne, kuma ba daga banki yake fitowa ba. Wata da kwanon wake biyu ta fara, wata da kuɗin akuyar da ta sayar, wata da kwasar adashi. Ribar ma ba a ganin ta dunƙule. Tana shiga asusu da zubin adashi, ta fito a matsayin kwanuka da katifar kayan ɗakin 'ya, ko kuɗin magani, ko gudummawar biki. Abin da mace ta samu a sana'arta nata ne, har maigida in ya ci ƙosan sayarwa yakan biya, ko a rubuta masa a ka. Bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa: mai shayi na bin samari, mai awo na bin mai tuwo, mai itace na bin mai waina, kowa na jiran ran kasuwa.

Shekarun nan sun gwada masu wannan sana'a. A farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, mai ƙosan da ba ta da asusun banki ta rasa yadda za ta yi da mai cewa zai tura ta waya. Daga 29 ga Mayun shekarar, da aka cire tallafin man fetur, kuɗin markaɗe a inji ya tashi, kuɗin mota zuwa kasuwa ya tashi. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari, kuma a Fabrairun shekarar mata masu gurasa sun fito zanga-zanga a birnin Kano saboda tsadar fulawa. A ƙauye ba a yi zanga-zanga da kwalaye ba. Ƙosai ne ya ƙanƙance, gyara ta koma ɗaya, wasu tandunan kuma aka kife su a bayan ɗaki.

Zuma kuwa da zaƙi da harbi. Saƙar nan da ke haɗa gida da gida a kan 'yan mata ƙanana take tsaye. Yarinyar da ke yawo da farantin awara da hantsi, ajinta na can babu ita, kuma tallan dare ya jefa da yawa cikin abin da iyaye ba sa son ji. Malamai na wa'azi a kai, hukuma na faɗa, uwar kuma tana tambayar wanda zai fitar mata da kaya in ta hana. Wasu sun samo tsaka-tsaki: talla bayan an tashi daga makaranta, ko a ajiye kula a shagon ɗan'uwa, ko mai so ya bugo waya a aika masa da almajirin gida. Waya ta fara rage wa ƙafar yara aiki, amma ba ta sauke farantin daga kansu ba tukuna.

Da almuru, ran kasuwa, layin 'yan abinci shi ke rigan kowa watsewa. A wanke tukwane da toka, a ɗaure benci a kan amalanke, a kashe wuta da ruwan wanke-wanke. Dattijuwa mai tuwo ta kwance bakin zane ta ƙirga, ta ware na mai awo, ta ware na mai itace, ta ware zubin adashi, abin da ya rage ta mayar ta ƙulle. Duwatsun murhunta uku kawai take bari a rumfar, baƙi ƙirin da hayaƙi, kuma har mako ya zagayo ba mai ɗaga ko ɗaya, domin duk garin an san masu su. Kafin ta isa gida, a wani lungun, wata ta riga ta jiƙa shinkafar wainar gobe.